Shaida a Bayan Raga

A kowane filin ƙwallon ƙafa akwai wani ɗan zirin ƙasa da ba a cika kula da shi ba. Yana tsakanin farin layin da ya kewaye fagen wasa da shingen da ya tsare 'yan kallo, faɗinsa bai wuce taku kaɗan ba. Ɗan wasa ba ya shigarsa sai ƙwallo ta fita, ɗan kallo kuwa ba ya taka shi sai rigima ta ɓarke. Mazaunansa 'yan tsiraru ne: yara masu tsintar ƙwallo, ma'aikatan agaji da gadonsu na ɗaukar wanda ya ji rauni, jami'an tsaro da suka juya wa wasa baya suna fuskantar jama'a, sai kuma mu masu ɗaukar hoto, a tsugune bayan allunan talla kamar maharba a bakin tafki. Kakar wasa biyu ke nan ina cikin mazauna wannan ziri. Abin da ya ba ni damar zama a cikinsa bai wuce wani kati mai ɗauke da hotona da sunan jaridar da nake yi wa aiki ba, sai wata 'yar falmaran mai lamba a baya.

Abokaina na unguwa suna ɗaukar katin nan a matsayin gata. A ganinsu ina shiga fili ban yanki tikiti ba, ina zama inda gumin 'yan wasa kan fantsamo mini, ina gaisawa da mutanen da su sai dai su hango daga nesa. Duk wannan gaskiya ne, ba na musu. Abin da ya ɓuya musu shi ne katin yana da farashi, kuma ba da kuɗi ake biyansa ba. Ranar da mutum ya rataya shi a wuya, ranar ya tuɓe rigar magoyin baya a bakin ƙofa ya karɓi aikin shaida. Shaida kuwa, a gaban alƙali yake ko a bayan raga, abin da idonsa ya gani ake nema a wurinsa, ko da zuciyarsa ta so a ce wani abin ne ya faru.

Ni kuwa a magoyin baya na buɗe ido. A cikin birnin Kano na tashi, a gidan da rediyo ba ta mutuwa ranar Lahadi da yamma. Ina ɗan shekara 8 Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa karo na farko a 2008. A shekarar da ta biyo baya ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan an tashi 2-2 a Alƙahira, ta yi ta tafiya har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. Ƙwallayen Alƙahira ban ga ko ɗaya da idona ba. A bakin Baba na ji su, na kuma ji su a majalisar ƙofar gidanmu, inda kowane dattijo yake da tasa siffar yadda aka ci, har in ka haɗa ruwayoyin sai ka zaci wasa biyar aka buga a daren. Da na ɗan tasa, a shekarun da Pillars ta jera kofi uku, 2012 da 2013 da 2014, mu yara mukan yi cirko-cirko a bakin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata muna jiran a buɗe ƙofa a mintunan ƙarshe, mu kwarara ciki mu sami rabonmu na ihun “Sai Masu Gida”.

Aikin jarida na karanta a Jami'ar Bayero, kuma a can na fara riƙe kyamara ta gaske. Da na tafi hidimar ƙasa sai na ɗaure cikina, na riƙa tara abin da ya samu daga alawus da ɗan aikin ɗaukar hoton biki, har na sayi Canon ta hannu da gilashin gaba mai jawo nesa kusa, mai tsawon milimita 70 zuwa 200, shi ma na hannu. Ranar da na shigo da su gida Baba ya juya su a hannunsa, ya tambayi kuɗinsu, na faɗa masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Yanzu duk karatun nan da ka yi, mai hoto za ka zama?” Na ce, “Baba, shi ma aikin jarida ne.” Ya ce, “To, Allah ya sa albarka,” da irin muryar da iyaye kan yi addu'a da ita idan ba su gamsu ba amma ba sa son su karya wa ɗa gwiwa. A idon Baba da tsararrakinsa, mai hoto shi ne yaron nan da ke kutsawa tsakanin mata a wurin kamu yana cewa a matso a yi murmushi.

A kakar da Pillars ta dawo babbar gasar ƙasa a 2023, bayan shekara guda a aji na biyu, na sami katina. Hanyar samunsa ba ta da wani asiri: editan wata ƙaramar jaridar intanet ya rubuta wasiƙa yana shaida cewa ni ma'aikacinsa ne, na haɗa da ƙananan hotunan fuska, na kai wa jami'in hulɗa da 'yan jarida, na jira. Dokokin da ke biye da katin su ma a bayyane suke. Ba a haska fitilar kyamara a idon ɗan wasa. Ba a taka farin layi. Ba a tsayawa a gefen da mataimakin alƙalin wasa yake kai da komo da tutarsa, ba a kuma tare gaban bencin masu horarwa. Kafin a take wasa ana ba mu 'yan mintuna mu ɗauki ƙungiyoyin biyu a jere da kyaftin-kyaftin wurin jefa kwabo, daga nan kowa ya zaɓi ragar da zai zauna a bayanta, ya zauna ke nan sai an tafi hutun rabin lokaci.

Akwai wata dokar da ba a rubuta ba, wadda na koya a wurin wani dattijo da muke kira Maigida. Ya fara ɗaukar hoton ƙwallo tun zamanin da ake sa fim a kyamara, lokacin da nadi guda hoto 36 kacal yake ci, sai an je ɗakin wanki kafin mutum ya san abin da ya kamo. A wasana na farko ya dube ni sama da ƙasa, ya ga zaren hannu mai launin rawaya da nake ɗaure da shi tun ina sakandare. Ya ce, “Ɗan jami'a, cire wannan ka sa a aljihu. Nan ba wurin masu gida ba ne, ba kuma wurin baƙi ba ne. In kana son tsalle, ga matakala can, hau ka yi.” Na ce, “To, Maigida.” Na cire na sa a aljihu, kuma a aljihun yake kwana duk ranar wasa har yau.

Sana'ar kanta yaƙi ce da lokaci da haske. Ƙafar ɗan wasa idan ta tashi bugu ta fi ƙiftawar ido sauri, saboda haka sai an saita kyamara ta buɗe ta rufe cikin kashi 1 bisa 1000 na sakan, ko ƙasa da haka, kafin ƙwallo ta fito a tsaye ba ta zama wani farin hayaƙi ba. Amma gwargwadon saurin rufewar, gwargwadon ƙarancin hasken da zai shiga, ga shi yawancin wasanninmu da ƙarfe huɗu na yamma ake take su. Rabin farko rana tana da ƙarfi, tana zana baƙar inuwa a ƙarƙashin idon kowa. Rabi na biyu tana gangarawa, inuwar rumfar 'yan kallo ta raba fili biyu, ɗan wasa ya fito daga haske ya faɗa duhu a cikin gudu guda, yatsana kuma dole ya riga shi isa. Kakar wasa takan faro a ƙarshen damina, ta ratsa hunturu, ta ƙare a bazara, kuma kowane yanayi da halinsa. Hazon hunturu yana tausasa haske, fuskoki su fito sumul, amma ƙurarsa tana shiga cikin kyamara ta bar ɗigo-ɗigo a kan kowane hoto. A zafin watan Afrilu kuwa ƙarfen kyamara yakan yi zafin da sai na naɗe shi da hankici, balle idan azumi ya faɗo a ciki.

Wani abu game da irin kyamarar da nake riƙewa ya daɗe yana ba ni mamaki. A cikinta akwai ɗan madubi da ke turo wa idona abin da ke gabana. Duk lokacin da na danna, madubin nan yakan ɗaga sama don haske ya wuce, sai idona ya ga duhu na ɗan ƙanƙanin lokaci. Wato ainihin abin da hoton ya kama, ni mai ɗaukarsa ban gan shi ba. Maigida yakan ce, “In ka ga shigar ƙwallo da idonka, to ka rasa ta.” Don haka mai hoton ƙwallo ba ya jiran abu ya faru, tarbarsa yake yi. Yana karanta ƙafar da ɗan wasa ya kafa a ƙasa kafin wadda za ta yi bugu ta taso. Idan za a yi bugun kusurwa yakan rabu da mai bugun, ya ɗora gilashinsa a kan dogon ɗan bayan da ya baro gidansa ya taho. Idan bugun daga kai sai mai tsaron gida ne, tazarar mita 11 ce tsakanin ƙwallo da raga mai faɗin mita 7.32, kuma tilas ya yanke shawara tun kafin usur: fuskar mai bugu zai bi, ko tashin mai tsaron raga? Ba a samun duka biyun. Daga wasa guda nakan koma gida da hoto sama da dubu, waɗanda za su amfanu ba su fi ashirin ba.

Farashin da na ambata a nan yake bayyana. Lokacin da ƙwallo ta taɓa raga, filin Ƙofar Mata yakan girgiza har in ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin gwiwata. Ganguna su ɓarke, mutanen da ba su san juna ba su rungume juna. A daidai wannan lokacin ne aikina yake farawa. Wanda ya ci zai ruga, kuma ban da sakan uku ko huɗu ba ni da wani lokaci na kama fuskarsa kafin abokansa su rufe shi. Numfashi ma riƙe shi nake yi don kada hannuna ya girgiza. Murnar da na yi shekaru ina jiran a buɗe mini ƙofa in shiga in yi, yanzu ga ni a tsakiyarta, amma ba ni da halin ɗaga ko da hannu ɗaya. Sai dare ya yi, ina zaune gaban kwamfuta ina tace hotuna, sannan nake ganin ƙwallon da aka ci a gabana, in yi ɗan murmushina ni kaɗai bayan gari ya gama murna ya kwanta.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne ranar da baƙi suka ci mu. Hoton da na fi alfahari da shi a kakata ta farko na wani yaro ne ɗan ƙungiyar baƙi, wanda ya farke mana ƙwallo ana dab da tashi. Ya rugo kai tsaye inda nake, ya zube a kan gwiwoyinsa, ya ɗaga hannu biyu sama, hawaye da gumi sun haɗu a fuskarsa, a bayansa kuma dubban mutanena sun yi tsit, wasu sun ɗora hannu a ka. Editana ya sa shi a gaba. Da na iso majalisa da daddare aka yi mini ca. Wani abokina ya ce, “Kai yanzu a rasa wanda zai yi wa baƙi kwalliya sai ɗan gida?” Aka yi dariya, na yi tare da su, amma na san rabin maganar ba wasa ba ne. Abin da na kasa fahimtar da su a daren shi ne yaron nan ma ɗan wani ne, kuma abin da ya yi ya faru. Da na kawar da kyamara don kishin gida, da na zama ɗan kallon da ya saci falmaran ɗin ma'aikata.

Zama a bakin layi yana nuna wa mutum abin da matakala ke ɓoyewa. Daga sama 'yan wasa lambobi ne masu gudu. Daga inda nake ina jin hakinsu, ina jin ƙarar haɗuwar ƙashi da ƙashi, ina jin mai tsaron raga yana tsara bayansa da Hausa da Turancin Buroka da Yarabanci a cikin numfashi guda. Ina ganin takalmin da aka ɗinke, da bandejin da aka naɗa a kan tsohon rauni, da leɓen da ke motsi da addu'a kafin usur. Gasar tana da ƙungiyoyi 20, kowace tana buga wasa 38, kuma da yawansu a mota suke ratsa ƙasar nan, daga Aba ko Uyo ko Ibadan zuwa Kano, daga Maiduguri zuwa Fatakwal. Gajiyar hanya takan fito a hoto ko da mai sharhi bai ambace ta ba. A nan kuma na ga abin da ake nufi da daɗewa a sana'a, a jikin Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele. Ya haura shekara arba'in yana taka leda, kuma duk wanda ya bi shi da gilashi zai lura cewa kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga sau biyu ya san inda kowa yake.

Bayan an tashi, sau da yawa wani ƙaramin ɗan wasa yakan biyo ni yana goge fuska, ya ce, “Mai hoto, don Allah ka same ni?” Wani mahaifiyarsa zai tura wa a ƙauye, ta ga cewa da gaske ƙwallon nan aiki ne. Wani kuwa dillalin 'yan wasa ne ya ce ya turo hotuna. Dukkansu sun san labarin Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda yana sanye da rigar Pillars, ya wuce Holan, ya je ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014 da wasu biyun a ragar Iceland a 2018, sannan ya dawo gida ya sake sa rigar a 2021 da kuma 2024. Cikin ɗari ba lalle ne ɗaya ya taka irin wannan matsayi ba. Sauran za su yi shekara biyar ko goma suna gudu a filayen ƙasar nan, gwiwa ta gaji, su koma kasuwa ko gona ko tuƙin Adaidaita Sahu. Abin da zai rage musu na shaidar cewa sun taɓa tsayawa a gaban dubban mutane, wataƙila hoton nan ne da suke roƙo.

Wani dattijo ne ya sa na gane nauyin wannan roƙo. A wurin ɗaurin aure na haɗu da shi, ina aikin da ke ciyar da kyamarata. Da ya ji ina ɗaukar hoton ƙwallo sai ya riƙe hannuna, ya ce shi ma ya buga wa wata ƙungiya a Kano a zamanin da Raccah Rovers ta ɗauki kofin ƙasa a 1978. Washegari ya sa jikansa ya kai ni gidansa, ya fito da hoto guda ɗaya tak daga cikin wata tsohuwar jaka. Mutum goma sha ne a jere, rabi a tsaye rabi a tsugune, ruwa ya taɓa gefensa ya cinye fuskoki uku. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikin fuskokin da suka shafe ya ce, “Wannan ni ne, ɗana.” Ya lissafa mini sunan mutum shida, sauran suka ɓace masa. Jikokinsa suna tsaye a bakin ƙofa, ɗaya da rigar Arsenal ɗaya da ta Chelsea, suna murmushin da yara kan yi idan kaka ya fara tatsuniya.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ba a haife ni ba lokacin da Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a wasan da ta doke Bulgeriya 3-0 a Amurka a 1994. Amma na san yadda ya shige cikin raga ya damƙe zarenta da hannu biyu yana kuka yana kiran abin da shi kaɗai ya sani. Yekini ya rasu a 2012, hoton yana nan, kuma yaron da za a haifa gobe zai gan shi. Wani ne da ke tsugune a bayan raga, ya riƙe numfashinsa lokacin da duniya ke ihu, ya adana mana shi. Yaran unguwarmu da ke cika gidajen kallo sun san kowane lungu na filayen Ingila da Sifaniya, domin can ba a barin ko tari ya wuce ba a ɗauka ba. Namu filin, wanda ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, yawancin tarihinsa a bakin dattawa yake, kuma dattawa tafiya suke yi.

Sai dai shaida ba abin daɗi kaɗai yake gani ba. A kakata ta biyu aiki ya kai ni wani gari mai nisa, tare da Maigida. Masu masaukin baƙi suka nemi bugun daga kai sai mai tsaron gida a mintin ƙarshe, alƙalin wasa ya hana. Yana busa tashi wasu suka haura shinge. Zirin nan namu, wanda ɗan kallo ba ya takawa, ya cika da ƙafafu. Alƙalan suka ruga tsakiyar fili, aka cim ma ɗaya daga cikin masu tuta. Jikina yana rawa, amma yatsana ya ci gaba da aikin da ya saba. Ban ankara ba sai ga wani mutum cikin babbar riga a kaina, samari biyu a bayansa. Ya ce, “Kai mai hoto, goge abin da ka ɗauka.” Na ce, “Ranka ya daɗe, aikina nake yi, ga katina.” Ya ce bai tambaye ni kati ba. Ɗaya daga cikin samarin ya kama igiyar kyamarar, wadda na yi shekara guda ina tara kuɗinta. Maigida ne ya shiga tsakani, da muryarsa ta yau da kullum, ya ce, “Alhaji, a yi haƙuri. Yaron nan da izini ya shigo. In an goge na cikin kyamararsa, wa zai goge na idon jama'ar nan?” Kafin a ba shi amsa 'yan sanda suka iso, muka sulale.

A mota, kan hanyar dawowa, na buɗe hotunan. Biyu ne suka tsaya mini. Na farko ya nuna hannayen da suka ɗaga a kan mutum ɗaya mai riƙe da tuta, da shingen da aka haura a bayansu. Na biyu ya nuna shi a ƙasa, rigarsa a yage, fuskarsa cike da tsoro irin wanda babu magidancin da zai so 'ya'yansa su gani. Na biyun ya fi ƙarfi, kuma na san shi ne zai fi yawo a wayoyin mutane. Na tura na farko, na riƙe na biyu. Na farkon yana faɗin abin da aka aikata, wanda jama'a ke da haƙƙin sani. Na biyun ba ya ƙara komai a kan wannan sai tozarta wanda aka riga aka zalunta. Katin da ke wuyana ya ba ni izinin kusantar mutane a lokacin da ba su da ikon kare fuskarsu, kuma ina ganin wanda aka ba irin wannan izini, an ɗora masa kiyaye mutuncinsu tare da faɗin gaskiya a kansu.

Da hoton ya fita na kwana biyu ina amsa waya. Wasu suka ce na ɓata sunan ƙwallonmu, na ba masu raina mu abin faɗa. Na fahimci zafin da ke bayan maganar, domin ni ma ina jin haushin yadda ake yi wa gasarmu kallon banza. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uban da ya hana ɗansa zuwa fili, ba hoto ne ya tsorata shi ba. Jifa da gudun ceton rai da ya taɓa gani ne. Idan muna son a yarda da mu ranar da muka nuna kyawun wasanmu, cikar filayenmu da gwanintar yaranmu, dole a same mu da gaskiya ranar da abin ya ɓaci. Shaidar da ke zaɓar ranar da zai gani, ko ya rantse ba a karɓar maganarsa.

Ta fuskar abin duniya, sana'ar ba ta da kitse. Abin da jarida ke biya a kan wasa guda da ƙyar yake ɗaukar kuɗin mota da na data. Hoton da na tsuguna minti casa'in a rana kafin in samu, cikin awa guda sai in gan shi a shafuka goma na Facebook, an yanke gefen da sunana yake. Gilashin milimita 400 da manyan masu hoton duniya ke kafawa a kan sanda, kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da nake samu a shekara. Bikin Asabar ne yake ɗaukar nauyin wasan Lahadi. Abokan karatuna wasu suna banki, wasu suna gidajen rediyo da albashinsu, kuma idan muka haɗu sukan tambaye ni yaushe zan nemi aiki. Tambayar takan bi ni har gida, musamman a ƙarshen wata.

Baba bai sake tayar da maganar ba tun ranar farko, sai wani dare da ya same ni a zaure ina tace hotuna. Ya jawo kujera ya zauna, ya sa tabarau, na riƙa wuce masa da su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsayar da ni a kan hoton wani matashin ɗan baya da ya tashi sama ya sa wa ƙwallo kai, ya ce, “Wannan wane ne?” Na faɗa masa sunansa da garinsu. Ya tashi ya shiga ciki, ya dawo da wani gwangwanin alewa da ban taɓa ganin an buɗe ba. Hotunan danginmu ne, baƙi da fari, wasu tun kafin a haife shi. Ya ɗauko ɗaya na wani mutum mai rawani, ya juya bayansa, babu rubutu. Ya ce, “Inna ce kaɗai ta san wannan, ita kuma ta tafi da sunansa. In dai wannan aikin za ka yi, to ka riƙa rubuta suna.”

Tun daga ranar ban kwanta da hoton da ba shi da suna ba. Duk daren wasa, bayan na tura wa edita nasa, nakan ɗauko takardar jerin 'yan wasa da ake raba mana kafin a take, in bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ina rubuta sunan kowa da lambarsa, da ƙungiyarsa, da fili, da kwanan wata, na gida da baƙo, wanda ya ci da wanda aka ci. Ina ajiye su wuri biyu, kuma a ƙarshen kowane wata nakan wanke guda goma a takarda in rubuta a bayansu da biro. Gwangwanin farko ya kusa cika. Baba ya ce idan ya cika in zo in karɓi wani a wurinsa.